Inter ta 2024/25: a ina kofunan suka kuɓuce?

"Malam, ni magoyin bayan Inter Milan ne tun zamanin Obafemi Martins. Har yau kakar 2024/25 tana yi mini ciwo. A watan Afrilu muna maganar ɗaukar kofi uku, wato Serie A da Coppa Italia da Gasar Zakarun Turai, zuwa ƙarshen Mayu mun tashi ba tsuntsu ba tarko, har da cin 5-0 a wasan ƙarshe. Abokaina sun ce haɗama ce ta kashe mu, wai da kocinmu Inzaghi ya saki Gasar Zakarun Turai ya riƙe Serie A da mun ɗauka. Shin haka ne? Kuma laifin wa?"

Ɗan'uwa, tambayarka biyu ce a haɗe: ko bin gasa da yawa ne ya hana Inter kofi, da kuma wanda ya kamata a ɗora wa alhakin. A ganina abokanka sun hango ciwon, amma maganin da suka kawo ba shi ba ne. Yawan wasanni ya taka rawa, wannan ba musu. Sai dai babu wani koci a duniya da zai kai zagayen kwata fainal na Gasar Zakarun Turai sannan ya ce wa 'yan wasansa su saki jiki a cire su. Abin da ya hana Inter kofin Serie A shi ne makin da ta riƙa zubarwa bayan ta riga ta shiga gaba a wasa, kuma tushen hakan yana kan benci, musamman a ɓangaren 'yan wasan gaba. Cin 5-0 na wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai da aka buga a birnin Munich kuwa magana ce ta daban, zan zo kanta.

Mu fara da yadda kakar ta kasance, domin ɗacin ƙarshe yakan sa mutum ya manta da abin da ya gabata. Inter ta shiga kakar tana riƙe da kofin Serie A na 20, wanda ta ɗauka a 2023/24 da maki 94. A Janairun 2025 ta je Riyadh ta doke Atalanta 2-0 a Supercoppa, ta kai wasan ƙarshe da AC Milan, ta shiga gaba da ci biyu ta hannun Lautaro Martinez da Mehdi Taremi, sannan aka juye mata wasan 3-2. A Coppa Italia ta fitar da Udinese da Lazio, Milan ɗin dai ta sake tare ta a wasan daf da ƙarshe: 1-1 a karon farko, 3-0 a na biyu. A Serie A ta ƙare da maki 81, Napoli 82. A Turai ta ƙare ta huɗu cikin ƙungiyoyi 36 a sabon tsarin teburi ɗaya, ƙwallo ɗaya tak aka zura mata a wasa takwas, a gidan Bayer Leverkusen. Daga nan ta fitar da Feyenoord, ta fitar da Bayern Munich da jimillar 4-3, ta fitar da Barcelona da jimillar 7-6, kafin Paris Saint-Germain (PSG) ta yi mata kaca-kaca ranar 31 ga Mayu.

Idan ka tara, wasa 59 ke nan kafin ma a tafi gasar ƙungiyoyin duniya a Amurka. Napoli, wadda ta ƙare ta goma a kakar da ta gabata don haka ba ta buga wata gasar Turai ba, wasa 41 ta yi. Tazarar wasa 18 kusan rabin kakar Serie A ce.

Watan Afrilu

Nan ne hujjar abokanka ta fi ƙarfi, kuma dole a ba su gaskiyarsu. A cikin Afrilu kaɗai Inter ta buga wasa tara: Milan, Parma, Bayern, Cagliari, Bayern, Bologna, Milan, Roma, Barcelona. Napoli huɗu ta buga. Kocin Napoli Antonio Conte yana da mako guda cur yana shirya wa kowane abokin karawa, Simone Inzaghi kuwa kwana uku ko huɗu yake samu, kuma a cikinsu akwai ranar tafiya da ranar warware gajiya. Duk wanda ya taɓa horar da ƙungiya ya san cewa a irin wannan yanayi atisaye na gaske ba ya yiwuwa. Sai dai kallon bidiyo, da ɗan motsa jiki, da tsara bugun kusurwa.

Ranar 16 ga Afrilu Inter ta yi 2-2 da Bayern a San Siro ta wuce. A lokacin tana gaban Napoli da maki uku. Cikin kwana 11 da suka biyo baya komai ya rushe: ranar 20 Bologna ta ci ta 1-0 da ƙwallon Riccardo Orsolini a mintin ƙarshe na ƙarin lokaci, ranar 23 Milan ta ci ta 3-0, ranar 27 Roma ta zo har gida ta ci ta 1-0 ta ƙafar Matias Soulé. Wasa uku a jere ba ta zura ko ƙwallo ɗaya ba. Ka lura da wanda babu a fili a wasannin nan: Marcus Thuram, wanda yake jinyar rauni. Ranar da ya dawo a Barcelona, kafin a cika minti ɗaya ya jefa ƙwallo a raga da dunduniya.

Wannan shi ne kan maganar. Lautaro da Thuram su ne injin gaban Inter, kuma wasansu ya dace da juna: ɗaya yana saukowa ya karɓi ƙwallo ya haɗa wasa, ɗaya yana gudu bayan 'yan baya yana buɗe fili. Thuram ya ci 14 a Serie A, Lautaro 12, rabin 24 ɗin da ya ci a kakar da ta gabata. A bayansu akwai Taremi, da Marko Arnautovic, da Joaquin Correa. Taremi, wanda aka kawo kyauta daga Porto da kyakkyawan zato, ƙwallo ɗaya ya ci a Serie A duk kakar. Arnautovic a lokacin yana da shekara 36 kuma jikinsa ba ya ɗaukar wasa a jere. Correa dama ƙungiyar ta riga ta fitar da rai da shi. To idan ɗaya daga cikin manyan biyun ya ji ciwo, ko ya gaji, Inzaghi ba shi da na ukun da abokan hamayya za su ji tsoro. Abin da ya rage masa shi ne ya ci gaba da matsar waɗannan biyun har su ƙare, kuma haka aka yi. Lautaro ya ji rauni a wasan farko da Barcelona, ya lallaɓa ya buga na biyu bayan kwana shida.

Makin da aka zubar da hannu

Yanzu ka ajiye wasannin da aka ci Inter, ka dubi waɗanda ta shiga gaba aka farke. Ranar farko ta kaka, a Genoa, tana 2-1 Junior Messias ya farke a ƙarin lokaci. A Oktoba tana gaban Juventus 4-2 a San Siro, Kenan Yildiz ya shigo daga benci ya ci biyu, aka tashi 4-4. A Janairu tana gaban Bologna 2-1, aka tashi 2-2. Ranar 1 ga Maris a Napoli, Federico Dimarco ya ci da bugun tazara, Philip Billing ya farke saura 'yan mintuna a tashi. Ranar 5 ga Afrilu a Parma, an tafi hutun rabin lokaci tana 2-0, aka tashi 2-2. Ranar 18 ga Mayu da Lazio, sau biyu tana shiga gaba, sau biyu Pedro yana farkewa, na biyun da fenareti a minti na 90 bayan ƙwallo ta taɓa hannun Yann Bisseck. A wannan daren Napoli ta kasa cin Parma, an tashi 0-0, wato da Inter ta riƙe 2-1 ɗin da ta hau saman teburi saura wasa ɗaya.

Wasa shida, maki 12. Kofin kuma da maki ɗaya ya tafi. Uku daga cikin wasannin nan an buga su tun kafin zagayen kifa-ɗaya-ƙwala na Turai ya fara, don haka ba za a ce gajiyar Bayern ko Barcelona ce ta jawo su ba. Ka kuma kwatanta tsaron gida: a 2023/24 ƙwallo 22 aka zura wa Inter a Serie A, a wannan kakar 35. Napoli 27 aka zura mata, duk da cewa 59 kawai ta ci, Inter kuwa 79. Ƙungiyar da ta fi kowa cin ƙwallo a Italiya ta rasa kofi ne saboda ba ta iya rufe ƙofa idan ta riga ta shiga ɗaki.

Na daɗe ina horar da matasa, kuma abin da na lura da shi a lokutan da wasanni suka cushe mana shi ne ba ƙafa ce take fara gajiya ba, kai ne. Yaron da ya gaji zai iya gudu har a tashi, amma zai manta wa aka ce ya riƙe a bugun kusurwa, zai ɗaga hannu a cikin da'ira, zai tsaya kallon ƙwallo na daƙiƙa ɗaya. Ƙwallon Orsolini daga doguwar jifa ta samo asali, abin da kowane mai tsaron baya ya san yadda ake tarewa. Hannun Bisseck ma irin wannan ne. Maganin da na sani ɗaya ne: ka samu waɗanda za ka sako a minti na 60 ba tare da ƙarfin ƙungiya ya ragu ba. Idan ba ka da su, canjin da ka yi don ka hutar da wani shi zai ci ka, rashin canjin kuma ya ci ka a wasa na gaba.

Wasan Parma shi ne misali mafi fitowa fili. Bayern na jira bayan kwana uku, Inzaghi ya ga 2-0 sai ya fara cire manyansa, Alessandro Bastoni tun a hutun rabin lokaci, daga baya Dimarco da Hakan Calhanoglu da Lautaro. Wasan ya suɓuce. Mutane da yawa sun zage shi a kan haka. Ni ban ga abin zagi a shawarar kanta ba, domin bayan kwana uku yawancin waɗannan 'yan wasan ne suka je Munich suka ci Bayern 2-1. Abin tambaya shi ne me ya sa waɗanda suka shigo suka kasa riƙe ci biyu a hannun ƙungiyar da take fafutikar tsira daga faɗuwa. Kocin Parma a ranar kuwa Cristian Chivu ne, wanda bayan wata biyu ya gaji kujerar Inzaghi.

Inda ya kamata a duba: aljihu

Me ya sa benci ya zama haka? Amsar tana komawa 2021. A shekarar Inter ta ɗauki Serie A ƙarƙashin Conte, amma kamfanin Suning na China da ya mallake ta yana cikin matsalar kuɗi. Ya ciyo bashin Yuro miliyan 275 daga kamfanin Oaktree na Amurka. Conte ya ga ba za a ƙara masa ƙarfi ba, sayar da 'yan wasa ma za a yi, sai ya tafi. Aka sayar da Achraf Hakimi ga PSG, aka sayar da Romelu Lukaku ga Chelsea. A Mayun 2024 bashin ya kai kusan Yuro miliyan 395, Suning ya kasa biya, Oaktree ya karɓe ƙungiyar.

A tsawon waɗannan shekaru shugabannin Inter, Giuseppe Marotta da Piero Ausilio, sun gina ƙungiya da dabara, galibi da 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare ko waɗanda aka samu da araha: Calhanoglu daga Milan, Henrikh Mkhitaryan daga Roma, Thuram daga Borussia Mönchengladbach, Francesco Acerbi daga Lazio, Piotr Zielinski daga Napoli. Aiki ne da ya cancanci yabo, shi ya kai su wasan ƙarshe na Turai sau biyu cikin shekara uku. Amma ɗan wasan da ake samu kyauta yawanci ya manyanta. A 2025 Acerbi yana da shekara 37, Yann Sommer da Mkhitaryan 36, Matteo Darmian 35. Ƙwarewarsu ce ta sa suka iya jure wa Barcelona, shekarunsu kuma suka sa wasa 59 ya yi musu nauyi fiye da yadda zai yi wa wasu.

Akwai wani abu da yake taɓa ni duk lokacin da na tuna. Mutane ukun da Inter ta rabu da su a 2021 su ne suka tsaya mata a hanya a 2025. Conte ne ya jagoranci Napoli. Lukaku ne ya ci ƙwallo ta biyu a ragar Cagliari ranar 23 ga Mayu, bayan Scott McTominay ya buɗe, wadda ta tabbatar wa Napoli kofin. Hakimi ne ya ci ta farko a Munich, ya ɗaga hannu ya ƙi yin murna.

Kada kuma a rage wa Napoli nata. Ta bayar da Victor Osimhen aro ga Galatasaray a farkon kaka, ta sayar da Khvicha Kvaratskhelia ga PSG a Janairu, duk da haka ta riƙe. McTominay ya ci 12 daga tsakiya, aka zaɓe shi gwarzon gasar, kuma Frank Anguissa na Kamaru ya yi aiki tuƙuru a gefensa.

Daren Munich

Wannan wasan ba na sa shi a lissafin gajiya kaɗai. Inter ta samu kwana takwas tsakanin wasanta na ƙarshe a Serie A, da Como, da wannan wasan, kuma a Como ma Inzaghi ya hutar da da yawa daga cikin manyansa. Abin da ya faru shi ne tsarin Luis Enrique, kocin PSG, ya kama tsarin Inzaghi a wuya.

Inter tana buga 3-5-2 ne, kuma ƙarfinta yana cikin fara wasa daga baya: Sommer ya ba Bastoni ko Acerbi, Calhanoglu ya sauko, a jawo abokan hamayya su matso, sannan a tsallake su zuwa Thuram da Lautaro. PSG ta toshe mafarin. Ousmane Dembélé ya tsaya a bakin da'ira yana jiran Sommer ya taɓa ƙwallo ya afka masa, Vitinha da João Neves da Fabián Ruiz suka manne wa 'yan tsakiyar Inter uku. Sommer sai doguwar ƙwallo, Marquinhos da Willian Pacho suna karɓewa. Idan ƙwallo tana ƙafar PSG kuma, Dembélé yakan bar gaba ya sauko tsakiya. Acerbi gwani ne wajen riƙe babban ɗan wasan gaba mai tsayawa wuri ɗaya, ya nuna haka a kan Erling Haaland a wasan ƙarshe na 2023. A Munich bai samu wanda zai riƙe ba. Minti na 12 Hakimi ya ci, minti na 20 Désiré Doué ya buga ta taɓa Dimarco ta shiga. Daga nan dole Inter ta fito neman farkewa, ta bar fili a baya ga matasan da suka fi ta gudu. Doué ya ƙara, Kvaratskhelia ya ƙara, Senny Mayulu ya rufe. Ba a taɓa cin wata ƙungiya da irin wannan tazara a wasan ƙarshe na gasar ba. Matsakaicin shekarun 'yan wasan da Inter ta fara da su ya haura 30, na PSG kusan 25.

A nan Inzaghi yana da nasa kason. Ba shi da tsari na biyu. Shekara huɗu yana buga 3-5-2, canjinsa kusan kullum ɗan baya ne a madadin ɗan baya, ɗan tsakiya a madadin ɗan tsakiya. Da aka ci shi biyu cikin minti 20, bai sauya fasalin wasan ba. Ga kuma maganar komawarsa Al Hilal ta Saudiyya da ta cika jaridu kafin wasan, kuma bayan kwana uku ya tafi ɗin. Nazarina ya tsaya ne a kan abin da ake gani a fili, kuma a filin na ga 'yan wasan da suka shiga da sanyin jiki, mako guda bayan kofin gida ya kuɓuce musu. Amma mutumin da ya kawo Serie A ɗaya, Coppa Italia biyu, Supercoppa uku, da wasan ƙarshe na Turai biyu da irin wannan kasafin kuɗi, ba shi ne zan fara nuna wa yatsa ba.

Da ya saki ɗaya?

Mu gwada shawarar abokanka. A ce Inzaghi ya sa 'yan benci a wasan Bayern, an cire Inter a kwata fainal. Me ya samu? Wasa uku ne kawai za su ragu: biyu da Barcelona, ɗaya da PSG. Dukkansu bayan Bologna da Roma aka buga su. Bayan wasan Roma kuwa Inter ta ci Verona, ta ci Torino, ta ci Como, Lazio kaɗai ta tsaya mata, kuma wancan wasan kwana 12 ne bayan na Barcelona. Sannan ga kuɗi: kowane zagaye a Gasar Zakarun Turai miliyoyin Yuro ne, ga cikar San Siro, kuma ƙungiyar da mai bin bashi ya karɓe ba ta da ikon ƙyale wannan. Da ni ne, gasar da zan sassauta wa ita ce Coppa Italia, tun a wasan Lazio na Fabrairu, domin ita ce ta ƙara wasan hamayya biyu da Milan a cikin Afrilun da ya riga ya cika. Amma ko wannan sauƙin faɗa gare shi bayan an gama.

Za ka ce ai a 2010 an yi. Gaskiya ne, Inter ce kaɗai ƙungiyar Italiya da ta taɓa haɗa ukun, da Diego Milito ya ci Roma a Coppa Italia, ya ci Siena a ranar ƙarshe ta Serie A, ya ci Bayern biyu a Madrid. Sai dai a kakar mai ƙungiyar na lokacin, Massimo Moratti, ya kawo wa kocinsa José Mourinho Samuel Eto'o da Milito da Wesley Sneijder da Thiago Motta da Lucio, a Janairu aka ƙara Goran Pandev, ga Mario Balotelli a benci. Duk da haka da maki biyu kacal suka tsere wa Roma. Juventus ta gwada a 2015 da 2017, ta ɗauki biyun gida, Barcelona da Real Madrid suka tare ta a wasan ƙarshe.

Idan kana son sanin yadda su kansu shugabannin Inter suka fahimci kakar, ka dubi abin da suka yi bayanta. Arnautovic da Correa suka tafi da ƙarewar kwantiraginsu, Taremi ya koma Olympiacos. Aka sayo Ange-Yoan Bonny daga Parma, aka dawo da Francesco Pio Esposito daga aron da yake yi a Spezia, dukkansu matasan 'yan wasan gaba, aka ƙara Petar Sučić daga Dinamo Zagreb da Luis Henrique daga Marseille. Sun kuma shafe makonni suna neman Ademola Lookman, Atalanta ta ƙi sayar musu.